Yadda ake sa wa katkat kardan ɗin gaba mai ƙarfi, tun daga kwance taya har ɗaure notin ƙarshe

Damina biyu da suka wuce, cikin watan Agusta, kardan, wato sandar da ke juya tayar gaba, ya karye min a wani mayo, wato rafi, kan hanyar Poli. Katkat ce, wato mai ja da taya huɗu, Land Cruiser HZJ75, na ɗora mata shinkafa da gishiri da siminti, ruwa ya janye amma yashin bakin gaɓa ya yi laushi, to garin haurawa sai na murɗe sitiyari har ƙarshe na taka mai, tayar dama ta tashi sama tana juyawa a banza, da ta dawo ta cafki ƙasa sai kawai naji ƙwas! kamar an karya busasshen kara, shikenan gaba ya daina ja. Kwana biyu muka yi a wurin ni da yaron mota kafin aka kawo mana wani daga Garwa, wanda aka kawo ɗin ma haƙoransa basu yi daidai ba. Abin ya min ciwo wallahi, shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda ake wannan aikin tun daga farko, don masu shiga Tubaro da Rai Buba da masu ratsa karal, wato ƙasar laka, ta wajen Waza zuwa Kusuri su amfana.

Motocin da nake magana a kansu sune masu pon ɗin gaba, wato bututun ƙarfen da ke haɗa tayoyin gaba biyu, guda ɗaya dunƙulalle: Land Cruiser 70 (75 da 78 da 79, masu injin 1HZ), Land Cruiser 80, da tsohuwar Hilux irin LN106. Vigo da Revo da Prado na zamani kardan ɗinsu a waje yake da robarsa, aikinsu daban ne. A namu kardan yana ɓoye ne cikin pon, guda biyu, na hagu dogo na dama gajere, saboda tulun pon ɗin, wato kumburin da giyoyinsa ke ciki, ya karkata ta dama. Kowanne a bakinsa akwai kai mai kama da ƙwarya, shi ake kira Birfield, cikinsa ƙwallayen ƙarfe 6 ne da kejin da ke riƙe su da wani ƙarfe mai kama da tauraro wanda sandar ke shiga. Wannan kan shine ke bari taya ta juya hagu da dama tana kuma ja, kuma mafi yawan lokuta shi ke fashewa, musamman in sitiyari na murɗe har ƙarshe.

Kafin ka fitar da sefa ko ɗaya ka tambayi kanka ko motarka na buƙatar mai ƙarfin ma. Ni dai ra'ayina, in tayarka 7.50R16 ce ta asali, baka da makullin pon (abin da ke tilasta tayoyi biyu su juya tare), kuma baka cika lodi fiye da ƙima ba, to na Toyota na asali ya ishe ka, ka gyara shi da kyau kawai. Wanda ya sa manyan tayoyi inci 33 ko 35, ko mai makullin pon a gaba, ko wanda kullum yana cikin laka da kaya niƙi-niƙi, shine ya kamata ya nemi na ƙarfen kuromoli, wanda ake rubuta masa 4340. Sanannun masu yinsa akwai Longfield da RCV na Amurka. Amma fa kasuwa cike take da kwalaye masu lambar 4340 a jiki alhali abin da ke ciki ko na okaziyon, wato na hannu, mai kyau ya fi shi, saboda haka in farashin ya yi araha sosai ka ja baya. Sannan mai Land Cruiser 80 wadda gabanta ke ja kullum ko kan kwalta, ya yi tunani sosai, don kan kuromoli an yi shi ne don jure fizga, wajen jure gogayyar yau da gobe kuwa sau da yawa na asali ya fi shi daɗewa. Wani abu kuma da ba a cika faɗa wa mutum ba: in kardan ya daina karyewa, ƙarfin fizgar wani wuri zai tafi, wato kan kuron da piniyon, giyoyi biyu masu haƙora na cikin tulu, wanda a waɗannan motoci na gaba inci 8 ne kacal, gyaransa kuma ya ninka na kardan tsada. Don haka sabon ƙarfe ba lasisin taka mai bane.

Sai batun haƙora, wanda shine ya kwanar da ni a daji. Sandar kardan tana da haƙora a bakinta biyu, ɗaya na shiga tulu ɗaya na shiga tauraron Birfield, kuma adadinsu ba ɗaya bane a kowace mota. Tsohuwar Hilux 30 ne ta wajen tulu, 27 ta wajen kai. Ta 80 kuma ta wajen kai 24 ne. Masu ƙarfin yawanci suna zuwa 30 ta ko'ina, shi yasa ake sayensu saiti guda, sanda da kai tare, ba zaka iya ɗora kai mai 30 kan tsohuwar sanda mai 27 ba. Kar ka yarda da "ai duk ɗaya ne Alhaji", ka kwance naka ka ƙirga da kanka, ka sa alli ko ɗigon fenti a haƙorin farko don kar ka rikice, ka auna tsawo da tef, ka bada lambar shasi. In motar na da ABS ka faɗa, don kanta yana da zoben haƙora a jiki.

Kayan da zaka tanada: kile, wato sifana, mai kofi lamba 54 (ba makawa sai da shi, masu buga noti da cizal suna kashe shi ne), kile 10, 12, 14, 17 da 24, kile mai awon ƙarfin ɗauri, filayar cire sirkilif (zoben ƙarfe mai tsaga da ke riƙe bakin kardan), guntun sandan tagulla da guduma, ma'aunin rataya irin na masu sayar da kifi, maganaɗisu a bakin doguwar waya, gazuwal, wato man dizal, na wanki da tsumma mai yawan gaske. Gires iri biyu: baƙi mai moli na kan kardan da gwiwa (gidan da ke juyawa da taya in an murɗa sitiyari), da na rulma, wanda 'yan Najeriya ke cewa boris. Man pon 80W-90 mai lambar GL-5. Sannan saitin gyaran gwiwa gaba ɗaya, da juwan sipi (zoben roba mai hana mai yoyo) na cikin pon da su soso da roba na baya da takardun juwan da wasa mai kunnuwa (siririn zoben ƙarfe mai kulle noti), in da hali har da ƙananan rulma na sama da ƙasan gwiwa, na kamfanin Koyo in ka samu na gaske.

Wurin aiki ma abin dubawa ne. Garajinmu na nan yawanci ƙarƙashin dalbejiya ne kan yashi, to ka sa a share a yayyafa ruwa a shimfiɗa tamfol ko buhu, in hunturu ne da ƙura ka bari sai iska ta kwanta. Ƙwayar yashi ɗaya cikin gires ta isa ta fara cin sabon ƙarfe.

To bismillah. Ka tsayar da mota a wuri mai daidai, ka sa giya da birkin hannu, ka tokare tayoyin baya da dutse, ka sassauta notocin taya tun tana ƙasa. Ka ɗaga da kirik, wato jak, sannan ka sa mata matokari na ƙarfe ko gungumen itace mai kauri ƙarƙashin pon, dan Allah kar kowa ya yi aiki mota na kan kirik kaɗai. Ka fara kwance murfin zuba mai na tulu kafin na tsiyayewa, don in ka zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwancewa ka shiga uku. Ka duba maganaɗisun murfin ƙasa: baƙin gari-gari ba komai, amma in ka ga ɓarɓashi mai ƙyalli kamar tsakuwa to sai an sauke tulu an duba.

Ka cire taya, ka kwance bulon (ƙusa mai murɗi) biyu na gidan birki ka ɗaure shi da waya a jikin mota, kar ka bar shi yana reto da tiyonsa. In bututun birkin na ƙarfe ne ya ƙi bada hanya, ka kwance shi ka toshe bakin, amma ka tuna sai an fitar da iska daga baya.

Daga nan sai makullin taya, wanda aka rubuta FREE da LOCK. Ka mayar da shi FREE, ka cire ƙananan bulon 6 na murfi, ka zaro murfin a hankali. A ciki zaka ga sirkilif a bakin kardan, ka cire shi. Sai notoci 6 na jikin makullin, kuma a nan ne yara ke ɓata aiki, don bayan kowane noti akwai wata 'yar wasa mai siffar mazurari da ke cije bulon. Ba a zura sukurdireba a tsaga a banƙare, ba a kuma dukan jikin makullin. Ka kwance noti har ya zo daidai da bakin bulon, ka ɗora tagulla a kai ka buga daidai tsakiya, zaka ga wasar ta yi tsalle ta fito da kanta. Ta 80 da bata da makulli, faranti ne kawai da ɗan murfi a tsakiya, amma wasoshin iri ɗaya ne.

Yanzu ka miƙar da kunnen wasar da aka lanƙwasa kan babban noti, ka kwance noti na farko da 54, ka cire wasa mai kunnuwa, ka kwance noti na biyu, sai wasa mai kauri, sai rulma na waje, sannan ka rungumo muwayo, wato gidan da ake ɗaure taya a kai, da faifan birki gaba ɗaya, yana da nauyi, ka ajiye shi kan tsumma. Abin da ya rage a gabanka shine fize, wato hancin da rulma ke zama a kai, bulon 8 ne ke riƙe shi tare da farantin ƙura. In ka cire su ka ɗan ƙwanƙwasa shi ta gefe da tagulla zai saki, sai ga kan kardan a fili cikin gires.

Ka tsaya ka kalli gires ɗin nan, shi zai baka labarin motar. In yana da kauri baƙi to alhamdulillahi. In ya tsinke kamar miyar kuka yana warin man giya, to juwan sipi na ciki ya mutu tuntuni, man tulu ya shigo ya wanke gires, kan kardan yana gudu ba abin da ke kare shi. Nawa da ya karye haka na same shi, har da jan laka a ciki, kaga kenan ba ranar ya fara mutuwa ba, ranar dai ya ƙarasa. Kuma wannan ne dalilin da yasa nake cewa wanda ya sa kardan na dubban sefa ya bar tsohon juwan sipi bai yi komai ba.

Wajen zarowa, kan yana da gefe biyu da aka shafe, ka juya shi har shafaffun su kalli sama da ƙasa, sannan ka jawo a miƙe. In ka ji ya cije kar ka yi kokawa, juyawa bata yi daidai bane. In karyayye ne ka tattara duk gutsattsarin ka ƙirga ƙwallayen nan su cika 6, ka zura maganaɗisu cikin bututun pon sau da yawa, ka bi da tsumma a bakin sanda har ya fito fes.

Tunda an zo nan a sauke gwiwar ma, rabin aiki ne ya rage. Ka cire rotil, wato mahaɗin sandar sitiyari da gwiwa, ka kwance ƙananan bulon na baya masu riƙe soso da roba, sannan notoci 4 na hannun sitiyari (a wasu motocin sama yake, a 80 ƙasa yake, su ma da wasoshin mazurari) da murfin ɗaya gefen. Ƙarƙashin su akwai siraran faranti kamar reza, kal ake ce musu. Kar ka haɗa su. Na sama ka ɗaure su da murfinsu, na ƙasa da nasu, na hagu daban na dama daban, don su ne ke tsayar da kardan daidai tsakiyar juwan sipi, in suka rikice sabon juwan ɗin ba zai yi wata uku ba. Maigidana da ya koya min aiki, Allah ya ƙara masa lafiya, in ya ga yaro ya zuba su a kwano ɗaya sai yace "ɗana, tashi ka bani wuri", ya zauna ya auna su ɗaya bayan ɗaya da kansa, ko da kuwa mai mota na tsaye yana cewa "Baba a yi sauri". Ka wanke komai da gazuwal, ka duba mazaunin ƙananan rulma, in ka ga layi-layi da farce ke kamawa ka canza su, ka goge ƙwallon pon, wato dunƙulen bakin pon da gwiwa ke zama a kai, da lallausar takardar yashi in ya yi tsatsa.

Juwan sipi yana nan a bakin bututu cikin ƙwallon. Ka banƙaro tsohon ba tare da ka karce mazauninsa ba, ka dasa sabon a miƙe da abin da ya yi daidai da faɗinsa, leɓensa mai sifirin na kallon tulu, ka shafa masa gires a leɓe. Na Toyota na asali nake sa wa a nan ko da sauran kayan na kasuwa ne.

Sai haɗa sabon kardan. Ka jera shi kusa da tsohon tukuna, tsawo da tsawo, haƙori da haƙori, ka gwada bakinsa cikin fize da cikin makullin taya ka ga yana shiga lafiya. Ka cusa baƙin gires cikin ƙwaryar da yatsa kana juya tauraron har ya fito ta ko'ina, ba shafawa sama-sama ba. Ka sa sabon zoben waya a bakin sanda, ka matse shi da sukurdireba biyu ko ɗaurin tiyo, ka tura har ka ji ya yi ƙas ya kama, ka ja ka tabbatar. Wanda kai kaɗai zai canza ya bar sandarsa, ga dabarar raba su: ka zura sandar cikin bututun ƙarfe wanda ya fi ta tsawo, ka cusa tsumma a ƙasan bututun, kan ya zauna a bakin sama, ka ɗaga ka doka ƙasa kan katako mai tauri, sau biyu ko uku sandar zata faɗo. Zoben ciki ya karye kenan, sai sabo.

Mayar da gwiwa: kafin komai ka zura soso, sai roba, sai zoben ƙarfe a bayan ƙwallon, in ka manta sai ka sake kwancewa. Ka cika ƙananan rulma da gires, ka ɗora gwiwa, kal kowanne a inda ya fito, notocin hannun sitiyari ka ɗaure su 96 Nm da kile mai awon ƙarfin ɗauri. Kafin ka ɗaure su soso ka maƙala ma'aunin kifi a ramin rotil ka ja, a 80 ana so ya motsa tsakanin kilo 2.5 zuwa 4.5, sauran motoci ka duba littafinsu. In ya yi sako-sako ka rage kal, in ya yi tauri ka ƙara, amma in motar na da kal sama da ƙasa, to daidai wa daida.

Yanzu zura kardan, nan ne ake son natsuwa. Ka tallafe sandar da hannu biyu kar haƙoranta su yanki leɓen juwan sipi, shafaffun gefen sama da ƙasa kamar yadda ya fito. In ya kusa ƙarewa zai tokare, musamman dogon na hagu, to ka ɗan danna kan ƙasa don bakin ciki ya ɗaga, kana juyawa kaɗan-kaɗan, zaka ji ya faɗa. Guduma bata da aiki a nan ko kaɗan. Ka cika gwiwa da baƙin gires kamar kashi uku cikin huɗu, kar ka danƙare ta taf, iska na buƙatar wuri in ta yi zafi. Ka shafa gires a zoben tagulla na cikin fize, sabuwar takardar juwan, fize, farantin ƙura, bulon 8 a ɗaure su 47 Nm ana tsallakawa.

Rulma na taya ka wanke ka cika su da nasu gires ɗin, ba mai moli ba, ka sa sabon juwan a bayan muwayo. Noti na farko ka ɗaure shi 59 Nm, ka juya muwayo gaba da baya sau da yawa don rulma ya zauna, ka sassauta har ya saki, sannan ka sake matsawa kaɗan kawai. Ka sa sabuwar wasa mai kunnuwa, ka ɗaure noti na biyu da ƙarfi, sannan ka auna da ma'aunin kifi a bulon taya, a 80 kilo 2.9 zuwa 6.4. In ya yi, ka lanƙwasa kunne ɗaya ciki ɗaya waje. Masu matse na farkon iya ƙarfinsu suna cewa don kar taya ta yi wasa, su ne rulmansu ke ƙonewa kafin a kai Gaundare.

Ka mayar da makullin taya da wasoshinsa. Wajen sa sirkilif zaka ga kardan ya shige ciki ramin baya fitowa, ka ɗaura bulon mai kauri 8 a ramin da ke bakinsa ka jawo shi waje. Murfi kuma yana kan FREE ake mayar da shi. Gidan birki 123 Nm, ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin mota ta motsa. Ɗaya gefen ma haka, kar ka yi ɗaya ka bar ɗaya.

Abu biyu da kusan kowa ke mantawa. Na farko ɗan hancin numfashi da ke saman pon, ka cire ka wanke ka busa, don in laka ta toshe shi pon na yin zafi iska zata tura mai ta sabon juwan ɗin, mai ratsa ruwa ma gara ya sa masa dogon tiyo ya kai shi sama wajen injin. Na biyu bulon da ke tsayar da gwiwa in sitiyari ya kai ƙarshe, ka duba suna nan kuma suna taɓawa, wasu kan cire su ko su shigar da su ciki don mota ta riƙa juyawa a ƙaramin wuri, kan kardan ne ke biya. Sai ka zuba man pon har ya fara dawowa ta ramin zubawa.

Gwaji a yashi ake yi, ba kan kwalta ba, irin bakin Binuwai in rani ne. Ka sa LOCK, ka sa H4, ka yi zagaye hagu da dama a hankali gilashi a sauke kana saurare, ba a son jin ƙas-ƙas-ƙas. Ka gwada L4 ma. Sannan ka buɗe makulli ka yi 'yar tafiya ka taɓa muwayo da hannu, ɗumi ba laifi, amma in baka iya riƙewa to ka koma kan noti. Bayan tafiyar farko mai nisa ka sake bin notocin hannun sitiyari da na taya da kile.

Tsohon kardan in bai karye ba kar ka bari a kai shi wajen masu awon ƙarfe, ka wanke ka shafe shi da gires ka naɗe a buhu, ka ajiye bayan kujera tare da kile 54 da filayar sirkilif da wasa mai kunnuwa guda biyu. In kuma ya faru a daji ba spare a hannu balle mai kawowa, kar ka ci gaba da tafiya da fasasshen kai a ciki, don gutsuren na iya cije sitiyari kana tsakiyar gudu. Ka buɗe kamar yadda na faɗa, ka kwashe ƙarafan tas, ka toshe bakin bututun pon da tsumma mai tsabta don mai kar ya zube, ka mayar da fize da muwayo, makulli biyu a FREE, giya a H2, ka lallaɓa da ja na baya har gari.